Abinci kyauta a ofishin Google, rumfar kwano a Dandume: Wane gata ma'aikacin fasaha ke buƙata?

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan ya ci karo da irin bidiyon nan. Matashi ko matashiya ta ɗaga waya tana zagayawa da masu kallo cikin ofishin wani kamfanin fasaha a Amurka ko Landan. Ga ɗakin cin abinci da kuloli jere, kowa ya ɗebi abin da ransa ke so ba ko sisi. Ga wurin motsa jiki, ga ɗakin da mutum zai ɗan kishingiɗa bayan azahar, ga mai tausa, ga motar kamfani da za ta mayar da shi gida. Sai ka ga ɗaruruwan matasanmu a ƙasan bidiyon suna rubuta "Allah Ka kai mu".

Babu laifi a wannan addu'a. Yaron da ya tashi a Dandume ko Bakori, ya gama difloma, ya koyi rubuta manhaja da wayar hannu da datar aro, yana da haƙƙin ya yi burin aiki a wuri mai kyau. Abin da ke damunmu shi ne yadda waɗannan hotuna suka fara zama ma'aunin "aiki mai kyau" a zukatan matasa, har da wasu masu buɗe ƙananan kamfanoni da cibiyoyin koyar da kwamfuta a Katsina, Kano da Zariya. Ana fentin bango da launuka, ana sayo kujerun lilo, amma ma'aikacin da ke ciki ba shi da ko takardar ɗaukar aiki. Kitso ake yi da ƙwarƙwata.

Ya kamata a fara sanin daga ina al'adar ta fito. Kamfanin Google ya ɗauki mai dafa abincinsa na farko, Charlie Ayers, a 1999, lokacin ma'aikatan kamfanin ba su kai ɗari ba. Daga nan ciyar da ma'aikata kyauta ya zama tambarin kamfanin, sauran kamfanonin yankin Silicon Valley suka bi sahu. Ruwa ba ya tsami banza. Injiniyan da ake biya maƙudan daloli, in ya fita neman abinci waje ya ɓata awa guda, kamfani ya yi asara fiye da kuɗin farantin shinkafa. In kuwa an ajiye masa abincin dare, to zai kai dare a ofis. In an wanke masa kaya, an yi masa aski, an duba masa mota a harabar kamfani, me zai mayar da shi gida da wuri? Lissafi ne na 'yan kasuwa, kuma lissafin ya biya su shekara da shekaru, musamman a lokacin da kamfanonin ke wawason ƙwararru ƙalilan.

Shaidar haka ta fito fili a watan Maris na 2022. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, ya sanar da ma'aikatansa cewa ya daina yi musu wanki da guga kyauta, sannan ya matsar da lokacin fara raba abincin dare daga ƙarfe 6:00 zuwa 6:30 na yamma. Rabin awa kacal, amma motar ƙarshe da ke kwashe ma'aikata tana tashi ne ƙarfe 6:00. Wato ka zaɓa: ko abinci ko mota. Bayan wata takwas, a Nuwamban 2022, kamfanin ya sallami mutum 11,000, ya ƙara sanar da wasu 10,000 a Maris na 2023. Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da masu yi wa ma'aikata tausa. Bayan 'yan makonni shugabar harkokin kuɗin kamfanin a lokacin, Ruth Porat, ta aika wa ma'aikata takarda cewa za a rage sa'o'in buɗe wasu ɗakunan abinci, a rufe wasu ƙananan kicin na cikin ofis.

Na Twitter ya fi kowanne ban tausayi, kuma ya taɓa mu a nan Afirka ta Yamma. Kamfanin ya sanar a Afrilun 2021 cewa zai kafa ofishinsa na Afirka a Ghana. Ma'aikatan sun shafe watanni suna aiki daga gida, sai a farkon Nuwamban 2022 suka tare a sabon ofishinsu na Accra. Ba su yi mako guda a ciki ba aka sallami kusan dukkansu, domin Elon Musk ya riga ya sayi kamfanin a kan Dala biliyan 44 a ƙarshen Oktoba. Sai da suka yi sama da shekara guda suna bibiya ta hannun wakilansu kafin a biya su haƙƙin sallama a farkon 2024. A can San Francisco kuwa, a Janairun 2023 aka yi gwanjon kayan ofishin: injinan haɗa kofi, tandar gasa burodi, kujeru, har da gunkin tsuntsun kamfanin. Microsoft ma ya rufe cibiyar injiniyoyinsa da ke Legas a Mayun 2024, ofishin da aka yi ta yaɗa hotunansa lokacin buɗe shi.

Akwai kuma wani labari da ya kamata kowane matashi ya riƙe. A Oktoban 2024 Meta ya kori ma'aikata sama da ashirin a ofishinsa na Los Angeles saboda sun yi amfani da takardar abinci ta Dala 25 wajen sayen kayan gida irin su man goge baki da sabulun wanki. Kamfanin yana da hujjarsa, sun saɓa ƙa'ida. Amma abin ya nuna matsayin irin wannan gata: na mai bayarwa ne, shi ke shata masa iyaka, shi ke janye shi ranar da ya ga dama. Ba ya cikin abin da ma'aikaci zai je kotu ya nema. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin mamaki, alherin da ya fi amfani a waɗannan kamfanoni ba shi ake ɗauka a bidiyo ba, domin ba ya ɗaukar ido. A 2007 Google ya ƙara hutun haihuwa mai albashi daga mako 12 zuwa 18, kuma Susan Wojcicki, wadda ta shugabanci YouTube, ta bayyana daga baya cewa yawan sababbin iyaye mata da ke ajiye aiki ya ragu da rabi. A 2012 aka ji cewa idan ma'aikacin kamfanin a Amurka ya rasu, ana ci gaba da bai wa matarsa ko mijinta rabin albashinsa har shekara goma. Wannan shi ne gata. Amma wa zai tsaya kallon bidiyon takardar inshora?

To, mu dawo gida. Mutum zai iya cewa wannan duk zancen Turawa ne, ina ruwan Dandume da ofishin Google? Amsar ita ce manyan kamfanonin fasaha sun daɗe da shigowa yankin Funtuwa, sai dai ba su zo da ofis ba. Sun zo da na'ura da manhaja, mu muka ba da jiki.

A shiga kasuwar hatsi ta Dandume, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin masara na Arewa, inda tireloli ke lodin masara, dawa, shinkafa da waken suya zuwa Kano, Legas da sauran wurare. A ƙirga rumfunan masu POS. Manomi ya sayar da buhu ashirin, ɗan kasuwa ya tura kuɗi ta waya, manomin yana son tsabar kuɗi a hannu don ya sallami 'yan ƙwadago da masu lodi. Wa ke haɗa wannan da wancan? Yaro ne ko yarinya a cikin akwatin kwano ko ƙarƙashin laima, da na'ura mai tambarin Moniepoint, OPay, PalmPay ko wani banki. A lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023, sa'ilin da aka sauya fasalin Naira, waɗannan rumfuna da manhajojinsu ne suka hana ciniki tsayawa cik a garuruwa da dama.

Kamfanonin sun ci ribar wannan yaɗuwa, kuma halak ɗinsu ne. A 2021 masu zuba jari suka ƙiyasta darajar OPay a kan Dala biliyan 2. A Oktoban 2024 Moniepoint ya samu jarin Dala miliyan 110, darajarsa ta haura Dala biliyan 1, kuma cikin masu zuba kuɗin har da asusun Google na zuba jari a Afirka. Wato akwai igiya, duk da tsawonta, tsakanin ɗakin cin abincin nan na California da rumfar kwanon bakin tashar Dandume.

Amma wanda ke cikin rumfar ba ma'aikacin kamfani ba ne. A takarda shi "wakili" ne, ɗan kasuwa mai zaman kansa. Shi ke neman jarin tsabar kuɗi, shi ke biyan hayar wuri, shi ke cajin na'ura, shi ke ɗaukar asarar jabun alat, shi ke shan zagin kwastoma idan an cire kuɗi a asusu na'ura ba ta nuna ba. Kuma shi ke ɗauke da jakar kuɗi a yankin da kowa ya san halin tsaron da ake ciki, daga Dandume zuwa Sabuwa da Faskari. Tun Disamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade masa kada ya fitar da fiye da Naira miliyan 1.2 a rana, kada ya bai wa mutum ɗaya fiye da Naira 100,000. A 2024 aka tilasta masa rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni. Dokoki a kansa suna ta ƙaruwa, na kare lafiyarsa da ransa ne aka yi shiru a kai.

Ƙasa da wakilin ma akwai wani. Sau da yawa mai na'urar ba shi ke zama a rumfa ba. Yana da na'ura uku ko biyar, ya ɗauki yara ya zuba, yana ba su ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, in an samu giɓi a lissafi a cire a ciki. Waɗannan yara, da yawansu 'yan mata da suka gama sakandare, su ne ainihin fuskar fasahar kuɗi a karkara. A tambaye su wane gata suke so. Ba za su ce tausa ba. Za su ce inuwa, domin akwatin kwano a watan Afrilu tanda ce. Za su ce ruwan sha. Za su ce banɗaki mai ƙofa da sakata, wanda mace za ta shiga hankalinta kwance. Wannan na ƙarshen ba a cika faɗinsa ba saboda kunya, amma akwai matan da ke ƙin shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su a kasuwa, kuma duk ma'aikacin asibiti zai gaya maka abin da hakan ke haifarwa.

Haka abin yake ga jami'an fili na kamfanonin noma na zamani, masu raba taki da iri bashi ta hanyar manhaja, suna auna gona da waya, suna dawowa karɓar buhuna bayan girbi. Masu rubuta manhajar suna Legas ko Abuja cikin sanyin na'ura. Wanda ke hawa babur ya shiga ƙauyukan bayan Mahuta da damina, ya ratsa laka, yana sauraron ko an ce hanya ba kyau yau, galibi ɗan kwangilar kaka ne ko mai cin kwamisho. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin man babur kaɗai ya isa ya cinye rabon mutum in ba a daidaita alawus ɗinsa da farashin gidan mai ba. A ƙara da masu gadin turakun sadarwa da masu kai musu gas, waɗanda su ma ƙananan 'yan kwangila ke ɗauka. Ba don su ba da ba mu karanta wannan a waya ba.

Mutanen wannan yanki sun riga sun ga wa ke ɗaukar asara idan abu ya ɓaci. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Dandume, Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Faskari da Sabuwa. Sai a Disamba aka gama dawo da su. Tsawon wannan lokaci mai POS, mai sayar da kati da data, mai rajistar layi, duk sana'arsu ta mutu a tsaye. Ma'aikaci mai albashi a hedikwata ya karɓi albashinsa cif. Wanda ke cin kwamisho kuwa, babu ciniki babu ko kwabo, kuma babu wanda doka ta ɗora wa alhakin ya tambaye shi yadda ya ciyar da iyalinsa.

Wannan rabe-raben 'yan bora da 'yan mowa ba a Najeriya aka fara shi ba, yana cikin ginin masana'antar. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa a Maris na 2019 Google yana da 'yan kwangila da ma'aikatan wucin gadi 121,000, cikakkun ma'aikata kuma 102,000. Masu dafa abincin kyautar nan da ake nunawa a bidiyo, su kansu ba ma'aikatan Google ba ne, na wani kamfanin kwangila ne, kuma sai da sama da 2,000 daga cikinsu suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 2019 don neman ƙarin albashi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Nairobi. Shekaru da dama, wani kamfanin kwangila mai suna Sama ne ke ɗaukar matasan Afirka su tace wa Facebook abubuwan da ake wallafawa a harsunan nahiyar, har da Hausa. Aikinsu kallon bidiyon yanka, fyaɗe da ƙone mutane, awa bayan awa, don su cire kafin ya iso wayoyinmu. Mujallar Time ta ruwaito a 2022 cewa wasunsu Dala ɗaya da rabi ake biya a awa. Da aka sallame su a 2023, sama da 180 suka kai Meta da Sama kotu, kuma a Satumban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kenya ta ce ana iya tuhumar Meta a ƙasar. Cikin jagororinsu akwai 'yar Arewacin Najeriya, Kauna Malgwi, wadda BBC ta saka a jerin mata 100 na 2024. Wani likita da ya duba su ya samu sama da 140 na fama da ciwon firgici mai tsanani. Kamfani ɗaya ne, dandali ɗaya ne: wasu ana jayayya da su a kan lokacin abincin dare, wasu suna neman likitan ƙwaƙwalwa ta hanyar kotu.

Dattawan Funtuwa ba za su yi mamakin wannan ba, sun ga irinsa da auduga. Kamfanin Turawan Ingila na BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya kakkafa injinan gurzar auduga a wannan yanki, har sunansa ya zama sunan unguwa a Funtuwa. Jirgin ƙasa ya iso garin a ƙarshen shekarun 1920 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. Tsarin a lokacin sananne ne: manya suna da gidajen kamfani, leburan kaka kuwa da an gama gurza sai wata shekara. Bayan samun 'yanci, masaƙun Kaduna suka zama wurin aikin da kowane matashin Arewa ke mafarki, da asibitin ma'aikata da kantin abinci da ƙungiyar ƙwallo. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe sama da shekara goma suna zanga-zangar neman kuɗin sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, matansu suka gaji fafutukar. Kantin abinci ya rufe rana ɗaya da masaƙa. Abin da iyalai suka yi ta nema bayan nan shi ne kuɗin da ya kamata a ce an ware shi a wani asusu da rufewar kamfani ba za ta taɓa ba.

Dokokinmu sun tanadi wani abu, ko da yake ba a cika karanta su ba. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a bai wa ma'aikaci takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa. Ta bai wa mace hutun haihuwa na mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Dokar Fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8, sannan a yi masa inshorar rai da ta kai ninki uku na abin da yake samu a shekara. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, domin a biya diyya idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Wannan doka ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta mayar da inshorar wajibi.

Sai dai akwai ƙofar da kowa ke bi ya fice. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, bai hau kan masu cin kwamisho ba, bai hau kan aikin gona na kaka ba. A duba da kyau, waɗannan rukunoni uku su ne kusan duk ma'aikatan fasaha na yankin Funtuwa da Malumfashi. Da an kira mutum "wakili" ko "abokin hulɗa", an fitar da shi daga inuwar doka, alhali manhajar kamfani ce ke gaya masa inda zai tsaya, nawa zai juya a mako, da ranar da za a karɓe na'urar in bai cika adadi ba.

Za a ce, kuma da gaskiya a ciki, wakilin POS da gaske ɗan kasuwa ne, shi ke yanka kuɗin cajinsa, wasu sun gina gidaje da sana'ar, kuma in aka tilasta wa kamfani ya mayar da dubun dubatar wakilai ma'aikata, zai tattara na'urorinsa ya bar ƙauyuka. Za a kuma ce ƙaramin kamfanin da matasa uku suka kafa a Katsina ba shi da kuɗin fansho, da ƙyar yake sayen man janareta. Mun yarda. Ba muna cewa a mayar da kowa ma'aikacin dindindin ba ne. Amma tsakanin albashin dindindin da babu komai akwai fili mai faɗi. Kamfanin da ke iya ganin kowace Naira da ta ratsa na'urarsa a Dandume cikin daƙiƙa, yana iya ware ɗan abu kaɗan daga abin da yake cira a kowane ciniki ya saya wa duk wakilin da ke aiki inshorar rai, rauni da fashi, a dunƙule, wadda ta fi arha nesa ba kusa ba a kan mutum ya saya shi kaɗai. Duk kamfanin da ya riga ya fara irin wannan, ya fito ya faɗa da Hausa, a rediyo, ya bayyana mutum nawa aka biya a Jihar Katsina, domin inshorar da mai ita bai san da ita ba, da ita da babu duk ɗaya.

Ƙananan kamfanoninmu kuwa, shawararmu gare su ita ce su daina kwaikwayon hoton Silicon Valley su duba abin da ke hana yaransu aiki. A garin da wutar KEDCO ke zuwa ta tafi ba sallama, sola da batiri masu ɗaukar kwamfuta goma daga safe zuwa magariba sun fi duk wani adon bango. Data mai ƙarfi, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Banɗakin mata daban, wurin alwala da sallah, ɗan ɗaki da mai shayarwa za ta keɓe. Tashi da wuri a watan azumi, da tashi kafin duhu ga wanda zai bi hanyar ƙauye. Albashi ranar da aka ce, ba "ka ƙara haƙuri, masu zuba jari ba su turo ba". Abincin rana ma ba abin rainawa ba ne a wannan tsadar, in dai ƙari ne a kan albashi, ba madadinsa ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ciyar da yaro taliya da ƙwai a kira shi "mai neman ƙwarewa" har shekara biyu.

Gwamnati ma tana da nata. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, Gwamnatin Tarayya tana da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, kuma an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Funtuwa a Mayun 2024, wadda in ta kankama za ta jawo kamfanonin sufuri, rumbunan ajiya da masu manhajojin cinikin amfanin gona. Duk kamfanin da zai nemi fili, sassaucin haraji ko kwangilar jiha, a nemi ya nuna shaidar biyan fansho da NSITF da inshorar lafiya ta jami'ansa na fili, kamar yadda ake nema a kwangilolin Gwamnatin Tarayya. Cibiyoyin horarwa su ware ko da kwana ɗaya su koya wa ɗalibai karanta takardar ɗaukar aiki: mene ne albashi, mene ne alawus, me za a ba ka in an sallame ka, wa zai biya in babur ya kayar da kai. Ƙungiyoyin masu POS na Funtuwa, Dandume da Malumfashi su zauna da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha su shigar da mambobinsu da yaran rumfunansu a ƙungiyance.

Ƙaramar Hukumar Dandume kuwa ba ta buƙatar jiran Abuja ko Katsina. Kowace ranar kasuwa ana karɓar kuɗin shiga a kan buhu, a kan mota, a kan rumfa. Shugaban ƙaramar hukumar da shugabannin kasuwa za su iya ware wani ɓangare na kuɗin kakar bana su gina jerin rumfunan bulo masu rufin da ba ya ɗaukar zafi ga masu hada-hadar kuɗi, kusa da ofishin jami'an tsaro, da famfo, da banɗaki na mata daban na maza daban, da mai shara da ake biya duk wata.